Tambaya da Amsa: Za mu kai yara ganin magangarar ruwa a Asir, uwargida na fargaba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Jidda ne. A hutun makaranta na watan Agusta ina so in kai iyalina Abha, a yankin Asir da ke kudancin Saudiyya, mu hau dutsen Suda, mu je magangarar ruwan Dahana a Tanuma, babban yarona kuma yana da sha'awar kallon tsuntsaye. Uwargida ta hana ni sakat saboda bidiyoyin ambaliya da take gani. Abokai sun ce muddin gari garau yake, ba hadari a sama, babu abin tsoro. Wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka bi uwargida. Ba ina nufin a fasa tafiya ba, amma maganar abokan nan naka ita ce ke kashe mutane a kwaruruwan kudu, kuma ni da nake raka baƙi cikin duwatsun nan na gaji da jin ta.

Ruwan da ke cin mutum a cikin kwari ba a kansa yake zuba ba. Tsaunukan Sarawat na yankin Asir sun haura mita 2,000 a wurare da dama, Abha kanta tana kan kusan mita 2,200, Suda kuwa ta kai wajen 3,000, daga nan ƙasa ta gangara tsaye zuwa Tihama, wato shimfiɗaɗɗiyar ƙasar bakin teku. Dutse ba ya shan ruwa. Idan hadari ya sauke a can ƙololuwa, inda idonka ba ya kaiwa saboda bangon kwarin ya tare maka, duk ƙananan ƙoramu sai su haɗu su zubo cikin hanya ɗaya, wato wadda ka shimfiɗa tabarma a cikinta. Kai kana zaune rana na dukan ka, yara na wasa da tsakuwa, ruwa na tahowa. Kuma abin da ke isowa da farko ba ruwa zalla ba ne, laka ce mai kauri da itatuwa da duwatsu. Ruwan da ya cika mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi nauyinsa tan guda ne. Mai gudu wanda bai wuce santimita 15 ba yana kayar da ƙato, santimita 60 kuwa ya isa ya tafi da yawancin motoci, har da jif ɗin da ake taƙama da shi. Ku mutanen Jidda ba sai an ba ku labari ba, kun ga abin da ya faru a watan Nuwamba na 2009, mutum fiye da 100 suka rasu, ruwan kuma daga kwaruruwan gabashin gari ya gangaro.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne masu ɗaukar bidiyo da waɗanda suka maida kansu jagorori alhali ba su san dawan garin ba. Mutum ya zo sau ɗaya ya tarar da kwari a bushe, gobe ya buɗe shafi yana kwasar iyalai yana cewa wuri lafiya lau. Magangarar Dahana da irinta ruwan sama ke ciyar da su, don haka ranar da suka fi kyau a hoto ita ce ranar da aka yi ruwa a sama, kuma Yuli da Agusta lokacin hadarin yamma ne a Asir. Sai ka ga an ajiye mota a tsakiyar kwari saboda inuwa, an ɗora shayi. Ka yi magana a ce maka ai kowa da ajalinsa. Haka ne, amma Allah Ya ce kada mu jefa kanmu cikin halaka, Manzon Allah (SAW) kuma ya umurci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Yaron da ka zaunar a hanyar ruwa bai zaɓi wurin ba, kai ka zaɓa masa.

To ga yadda za ka yi. Kowace safiya duba sanarwar Cibiyar Hasashen Yanayi ta Ƙasa, ta yankin gaba ɗaya, kada ka tsaya kan ta garin da ka kwana. In an yi gargaɗi, ranar babu shiga kwari. In babu, ku fita da sassafe ku baro wurin kafin azahar. Mota a tudu, zama a tudu. Ka ga ruwa ya fara gurɓacewa, ko kara da ganye na biyo shi, ko ka ji rugugi daga sama, to ku bar kaya ku hau gefen dutse nan take, kada ku bi kwarin da gudu, ruwa ya fi ku sauri. Ƙetare kwari da mota yana gudu laifi ne da tararsa ke kaiwa riyal 10,000. Lambar Difa'ul Madani, wato jami'an ceto da kashe gobara, 998 ce, amma waya na ɗaukewa a cikin kwazazzabai, don haka ka bar wa wani labarin inda kuka nufa. Iyo a tafkin gindin magangara kuwa ka hana, ko sun yi kuka. Ruwan akwai sanyi, ƙasansa laka ce, kuma sau da yawa wanda ya faɗa ceto shi ma ba ya fitowa.

Shi kuma yaronka, Allah Ya yi masa albarka, ya zo inda ya dace. Gandun Asir, wanda aka kafa a 1981, yana da tsuntsayen da za su ba ka mamaki don ka san su tun daga gida: cilakowa tana nan a gangaren, can ƙasa wajen Jazan akwai zabin daji, har shamuwa tana zuwa. A dazukan itacen ar'ar, wani itace da ke tsirowa a kan tsaunuka, na Tanuma da Namas ne ake samun wani tsuntsu mai baƙi da fari da doguwar wutsiya, ɗan'uwan hankaka, Larabawa na ce masa aƙ'aƙ na Asir, wanda ba a samun sa ko'ina a duniya sai a waɗannan tsaunuka, kuma kaɗan ne suka rage. Ku fita bayan asuba da madubin hangen nesa, ku zauna shiru a gefen daji, kada ku kunna masa sautin kukansa a waya don ya matso. Ku riƙo rigunan sanyi, hazon Suda yana rufe hanya cikin mintoci ko a Agusta. Gwaggon biri zai tare ku a bakin titi, kada a miƙa masa abinci, kuma a rufe gilashin mota. Allah Ya kai ku lafiya, a gaida uwargida.