Amsa: wace wuta ta fi wajen haɗa bayodizal?

Malam, ka tambaya ko murhun gawayi zai yi wajen haɗa bayodizal, wato dizal da ake yi da mai irin na girki, gaskiya kar ka kuskura, don metanol, sinadarin da ake haɗawa da man, yana kama wuta kuma harshenta ma da kyar ake gani da rana. Ni hita ta lantarki nake sawa cikin man gyaɗa, in riƙe zafi wajen digiri 55 zuwa 60 na ma'aunin Celsius, in ya wuce 65 metanol ɗin tafasa yake ya gudu. Kowace lita ɗaya ta mai, metanol mililita 200 da soda irin ta sabulu giram 3.5, ka yi ta juyawa kamar awa ɗaya, sai ka bar shi ya kwana gilisarin, wato ruwa mai kauri da ke rabuwa da bayodizal ɗin, ya kwanta ƙasa. Maikirowef ya fi sauri, mintuna kaɗan, amma wannan aikin ɗakin gwaji ne. In man da aka riga aka yi suya da shi ne, fara dafa shi ruwan ya fita, in ba haka ba sabulu za ka samu.