Amsa ga mai tambaya a kan dayatom a lakar fadamar Nguru

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka tambaya ko dayatom da ke binne cikin lakar fadama za su iya nuna maka yadda ruwan wurin yake a zamanin da. Za su iya, amma ba kowace laka ce ke riƙe labari ba, kuma a nan ɗalibai suka fi shan wahala.

Ga waɗanda ba su sani ba, dayatom dangin gansakuka ne masu ƙwayar halitta ɗaya, ido ba ya ganinsu. Ɓawonsu na silika ne, sinadarin da ake yin gilashi da shi, shi ya sa idan sun mutu ɓawon yake nutsewa ya daɗe bai ruɓe ba. Kowane iri da ruwan da yake so. Idan ka ga irin da ake kira Aulacoseira ta cika maka gilashin gwaji, to wurin ya taɓa zama buɗaɗɗen tafki mai ruwan daɗi. Idan kuwa Anomoeoneis ta yi yawa, ruwan ya ja baya, gishiri da kanwa sun taru. Farar ƙasar kwarin Bodele a Chadi, wadda iska ke kwasa ta zama hazon hunturu, yawancinta ɓawon dayatom ne, daga lokacin da Tafkin Chadi ya kai kusan murabba'in kilomita 350,000, kimanin shekaru 7,000 da suka wuce.

To ga matsalar Nguru. Fadamar da ke ƙafewa da rani, shanu su tattaka, manomi ya bi da garma, lakarta ta riga ta cakuɗe, ta bara ta haɗu da ta kakanni. Na sha ganin ɗalibi ya dawo da bututu cike da laka, a ɗora a madubin ƙara girma sai ɓaraguzai kawai, ko suna ba a iya sa musu. Nemi gurbin da ruwa ba ya yankewa, nesa da mashayar dabbobi, kuma tsofaffin masunta sun fi taswira sanin irin wurin. Sannan ka kula da kanwa, domin ruwa mai kanwa da yawa narkar da ɓawon yake yi. Saboda haka idan ka tarar da wani sashe babu dayatom ko ɗaya, kada ka yi saurin rubuta cewa fari aka yi.

Aikin ɗakin gwaji ba wuya, haƙuri yake ci. Yanka lakar santimita ɗaya-ɗaya, ka dafa da haidirojin feroksaid, sinadarin da ke cinye ruɓaɓɓun tsirrai ya bar ɓawon, ka wanke, ka ƙirga aƙalla ɓawo 300 a kowane yanki da madubi mai ninka girma sau 1,000. Wajen tantance iri, ayyukan masaniyar nan 'yar Faransa, Françoise Gasse, kan dayatom na Afirka za su taimake ka.

Tun yanzu ka zauna da malaminka kan kuɗin gwajin kabon-14, wanda ke nuna shekarun laka. In babu shi, za ka san ruwa ya canja, amma ba za ka san yaushe ba. Allah ya ba da sa'a.