Amsa ga ƙanenmu na wajen Ringim mai son zama likitan bugun zuciya

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce kana ajin ƙarshe a sakandare, burinka ka zama likitan da ke gyara zuciya idan bugunta ya rikice, kana so ka ji shekara nawa ake yi, kuma ko ɗan ƙauye zai iya. Ni ma a karkarar Jigawa na tashi, da aci-balbal na yi karatun dare, yau ga ni a sashen masu ciwon zuciya. Zai iya mana.

Amma tafiyar da nisa, ba zan ɓoye maka ba. Bayan JAMB, karatun likita shekara 6 ne, ko a Bayero, ko Zariya, ko jami'ar tarayya ta Dutse. Sai shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, sai 1 ta bautar ƙasa. Daga nan ka shiga horon ƙwarewa ƙarƙashin Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma ko takwararta ta ƙasa da ke Legas, wajen shekara 6, a rabinsa na ƙarshe ne kake karkata ga zuciya. Shi kuwa fannin wutar zuciya, wato na gyaran bugu da kake so, yawanci sai an fita waje, Indiya ko Masar ko Ingila, a ƙaro shekara 1 ko 2. Ka ga shekara 15 ko 16 ke nan, in yajin aiki bai ci maka wasu ba.

Kada kalmar wuta ta ba ka mamaki. Akwai wani ɗan gurbi a saman zuciya ta ɓangaren dama, shi ke sakin siginar lantarki da ke sa ta harba sau 60 zuwa 100 a minti. In hanyar da siginar ke bi ta katse, bugu ya yi ƙasa. In ta hargitse, ya yi ta gudu ba tsari.

Wanda ya sa wannan aiki ya shiga raina wani dattijo ne manomi. Sau uku yana yanke jiki ya faɗi a gona, 'yan mintuna ya farfaɗo garau. Aka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Da suka kawo shi na ɗora yatsu a wuyan hannunsa ina kallon agogo, sai na ƙirga 32. Na sake ƙirgawa, 32. Takardar ECG, wato awon lantarkin zuciya, ta nuna saman zuciya da ƙasanta kowa na harkarsa, ba mai jin kiran wani. Maganinsa batirin zuciya ne, abin da bai kai kwalin ashana girma ba, a saka shi ƙarƙashin fata kusa da kafaɗa, a zura siririyar waya ta jijiya har cikin zuciya. 'Ya'yansa sai da suka sayar da shanun huɗa biyu da riɗin da suka ajiye. Ya tambaye ni, "Likita, in batirin ya ƙare fa?" Na ce masa, "Baba, yakan kai shekara goma, kuma canzawa ake yi." Na ba shi labarin mutumin farko da aka dasa wa irinsa a ƙasar Suwidin a 1958, wanda ya rayu har 2001, an canza masa fiye da sau 20. Sai ya ce to a yi bismillah. Damina ta gaba ya dawo awo da ƙwan zabi a ƙwarya.

Ba kullum ake ƙarewa haka ba, kuma nan ne nake so ka shirya zuciyarka. Da yawa daga mutanenmu hawan jini ne ya daɗe ba magani, ko ciwon maƙogwaro na yarinta ya ɓata musu ƙofofin zuciya, ga masu jego da zuciyarsu ke raunana bayan haihuwa. Mace za ta ce maka kamar tsuntsu ke fuffuka a ƙirjinta. Irin wannan bugu yana sa jini ya daskare a zuciya, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Za ka rubuta mata maganin tsinka jini, wanda sai ana auna jininta a kai a kai, ita kuwa ko kuɗin mota daga ƙauyensu ba ta da shi. Na sha komawa gida da irin wannan yana cin raina. Ga tsayuwar awanni cikin rigar dalma mai nauyi don kariya daga hasken na'urar hoton X-ray, in ana dasa batiri ko ana ƙone wurin da ke haddasa rikicin. Baya yana ji a jikinsa.

Yanzu dai ka dage da fiziks, kada ka raina shi saboda bayoloji, don karanta ECG sai da shi. Yau da daddare kuma ka je wurin kakarka, ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannunta ta gefen babban yatsa, ka ƙirga minti ɗaya cur. Ka lura ko bugun a jere yake ko yana tsallake. In ka ji yana tsallake, ko bai kai 50 ba kuma tana jiri, ku kai ta babban asibiti a yi mata ECG.