Baiwar Jure Sihiri Ba Ta Rage Rauni da Rabi

Tambaya: Malam, ni ne jagoran wasa a teburinmu na Dungeons & Dragons bugu na biyar, wasan labarin gwaraza da ake yi da jifan dayis. Wani ɗan wasana yana da gwarzo mai baiwar Magic Resistance, wato jure sihiri, ya kuma dage cewa duk sihirin da ya same shi, rabin rauni zai ji. Na ƙi, ya yi fushi, har mutum biyu sun ce za su daina zuwa idan gardamar ta ci gaba. Ina tsoron teburin ya watse. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, gaskiya tana wurinka. Abin da dokokin 2014 suka ba mai wannan baiwa abu ɗaya ne tak: idan sihiri ya tilasta masa jifan tsira, wato jifan dayis don kauce wa illar sihirin ko rage ta, zai jefa dayis mai fuska 20 sau biyu ya ɗauki mafi girma. Raba rauni gida biyu doka ce dabam, wadda ke aiki a kan nau'in rauni, kamar wuta ko sanyi.

Wannan kuskuren ya ishe ni, domin kullum sai an kawo mini shi, kuma galibi daga gajerun bidiyoyin masu koyar da dabarun wasa waɗanda ba su taɓa karanta sakin layin har ƙarshe ba. Ɗauki sihirin Fireball, mai raunin dayis takwas masu fuska shida, wato kimanin 28. Idan gwarzon yana buƙatar 11 ko sama, baiwar tana ɗaga damarsa daga kashi 50 cikin 100 zuwa 75, kuma idan ya tsira rabi zai sha, wato 14. Idan jifa biyun suka gaza, 28 zai sha cif. Da ka bi maganar ɗan wasanka, wanda ya tsira 7 kawai zai ji. Kuma sihirin Fire Bolt ba ya neman jifan tsira, lambar sulke yake nema, wato lambar da mai kai hari zai kai kafin ya same ka, sihirin Magic Missile kuwa ba ya neman komai, saboda haka baiwar ba ta da abin cewa a kansu. Hatta hucin wutar dodon dragon, bayanin masu tsara wasan ya nuna ba a lissafa shi cikin sihiri, ko da yake nan ne aka fi tayar da jijiyar wuya.

Abin da ɗan wasanka ya manta shi ne, aljanu da dodanni da yawa suna da wannan baiwar. Ranar da ka yi musu irin sassaucin da yake nema, mai sihirin ƙungiyarsu ne zai koma ɗan kallo, a kuma ɗora maka laifi.

Idan tsaro yake so, akwai sihirin Shield, mai ƙara 5 ga sulke da toshe Magic Missile, amma ya tuna martani ɗaya yake da shi a zagaye, kuma Shield shi yake ci, haka ma Counterspell, sihirin da ke karya sihirin wani. Ka kira shi gefe kafin zama na gaba, ku buɗe littafin tare, shi ya karanta layin da bakinsa.