Tambaya da Amsa: Da jika 300 zan iya haɗa kwamfutar gem a Damagaram?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya zafi. Ni ɗalibi ne a jami'ar André Salifou, ina zaune Garin Malam nan cikin Damagaram. Na jima ina tari, wani daga burs wani daga ɗan gyaran salula da nake taɓawa, yanzu kuɗin sun kai jika 300 na sefa kuma burina in haɗa kwamfutar gem da hannuna ba in sayi haɗaɗɗiya ba. FC nake bugawa da eFootball da GTA V, in hali yayi Warzone. Wani abokina a fadarmu yace in nemi Core i7 da RAM 32 shine magana, wani kuma yana ta nuna min akwati mai gilashi da fitilu a TikTok, wlh kaina ya ɗaure. Ina da ekaran inci 22 da manet. Dan Allah me zan fara saye?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah yayi wa neman albarka. Jika 300 zasu yi, tunda kana da ekaran kuma wasannin da ka lissafa ba masu cin rai bane a 1080p, amma sai ka yarda ka haɗa sabo da na hannu, kuma sai ka toshe kunne daga abokan nan naka biyu.

Mu fara da mai i7. i7 sunan furosesa ne, ɗan guntun da ke yi wa kwamfuta lissafi, amma sunan shi kaɗai baya faɗa maka komai, lambar da ke biye da shi ita ce zance. i7-3770 da ake ta tallarsa cikin tsofaffin injinan ofis na 2012 ne, i3-12100F kuwa na 2022 ne kuma a gem ya bar shi nesa ba kusa ba duk da sunansa i3. Ga kuma Windows 11 da bata karɓar Intel ƙasa da zubi na 8 a hukumance, ita kuma Windows 10 Microsoft ta daina kula da ita tun Oktoban 2025. To kaga in mai shago yace maka "ai i7 ne" ka tambaye shi na nawa, in ya fara kame-kame ka san inda aka dosa.

Abin da ke buga gem ɗin shine kart girafik, katin da ke zana hoton da kake gani, kuma nan ne kuɗinka mafi tsoka zasu tafi, daga kashi ɗaya cikin uku har kusan rabi. Akwati mai fitilu da kati mara ƙarfi a ciki sirdin hawan sallah ne a bayan jaki. Ni da kuɗina ne RX 6600 zan fara nema, tana da 8GB, wutar da take ja wat 132 ne kacal, kuma zata kai maka duk wasannin nan lafiya lau har Warzone in baka ƙure saitin ba. In kuɗi basu kai ba GTX 1660 Super, 6GB, wat 125, ita ma ba laifi a FC da GTA. Wadda zaka fi gani a kasuwa da araha ita ce RX 580 mai 8GB, kuma nan nake so ka nutsu. Katin 2017 ne, yana jan wat 185, yana zafi, kuma da yawansu sun yi shekaru suna aikin haƙar kuɗin intanet dare da rana kafin Ethereum ta canza tsari a Satumban 2022 a kwaso su a zubo kasuwa, wasu an wanke an sa musu sabuwar riga da sabon kwali sai kayi zaton daga kamfani suka fito. Akwai ma wadda aka rubuta wa 2048SP, wannan a gaskiya ƙarfin RX 570 gareta, kar a sayar maka da ita a kuɗin 580 ta ainihi.

Duk katin hannu da zaka saya sai an jona shi a gabanka. Ka je da kile USB ɗinka da GPU-Z da FurMark a ciki, na farko zai faɗa maka ainihin sunan katin dan akwai na jabu da ake canza wa suna, na biyun zai matsa masa lamba, ka bar shi yayi kamar minti 15 kana kallon zafi kana kallon ekaran, in kaga layi-layi ko ɗigo masu launi ko hoton ya ɗauke ko fanka ɗaya bata juyawa, kayi musu sallama. Mai kayan da yace babu wuta ko babu lokacin gwaji, ka dawo ranar da akwai.

Sai furosesa da kart mer, babban allon da ake jona komai a kansa, su tare ake zaɓensu dan kowane da irin gurbinsa. Hanya biyu ce mai sauƙi. Ko Ryzen 5 5600 akan kart mer B450 ko B550, ko i3-12100F akan H610 mai ɗaukar DDR4. Ni na fi karkata ga Ryzen ɗin saboda kwakwalwa shida gareshi shi kuma i3 huɗu, sai dai in B450 ce ka tabbatar an sabunta mata BIOS, ɗan tsarin cikinta da ke tayar da injin, kafin ka baro shagon, in ba haka ba zaka je gida ka haɗa komai fankoki na juyawa ekaran baƙi ƙirin ka ɗauka ka ƙona wani abu. Kuma furosesan nan biyu dukkansu basa fitar da hoto da kansu, dan haka wayar HDMI a jikin kart girafik ake sa ta ba a ramin kart mer ba, wannan ƙaramin abu ya hana mutane da yawa barci a daren farko. In kuma kaga kuɗin kati ba zasu haɗu yanzu ba akwai Ryzen 5 5600G, shi yana da ɗan nasa hoton a ciki, zai lallaɓa maka eFootball da GTA V a ƙaramin saiti kafin ka tara na kati.

RAM, inda injin ke riƙe aikin da yake kai, 16GB ta ishe ka, 32 ɗin nan ɓarnar kuɗi ce a wasanninka balle ga farashinta da ya tashi a ƙarshen 2025. Amma ka sayi guda biyu 8 da 8, DDR4 3200, ba guda ɗaya mai 16 ba, biyun sun fi gudu, sannan ka shiga BIOS ka kunna XMP, wasu allunan suna kiransa DOCP, in ba haka ba zata tsaya a ƙaramin gudu. Wurin ajiya SSD, 500GB a fara, in da hali 1TB dan GTA V kaɗai ya haura 100GB, Warzone ma haka. Ka lissafa kuɗin data tun yanzu, sauke waɗannan da forfe na waya ba wasa bane, ka nemi inda ake da wifi mai ƙarfi ka kai injin can.

Yanzu ga inda shawarar mutanen YouTube bata san Damagaram ba. Su suna magana ne daga ɗaki mai sanyi da wutar da bata motsi, mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, lokacin hunturu ƙura ta shiga ko'ina har cikin kwanon abinci, wuta ta tafi ta dawo da ƙarfi ko ta zo rabi-rabi. Saboda haka alimantasiyo, akwatin da ke raba wa injin wuta, shine abu guda da zan ce lallai ka saya sabo kuma na kamfanin da aka sani, irinsu Corsair, Seasonic, Cooler Master ko MSI, wat 550 mai tambarin 80 Plus Bronze ya wadatar. Waɗannan marasa suna da ake mannawa 800W ka ɗaga kaji kamar gwangwanin madara ba komai ciki, araha bata ado, ranar da ya tashi mutuwa ba shi kaɗai yake tafiya ba, yana iya jan kart mer da katin da ka sha wahalar tara wa kuɗi.

Ka ware kuɗin ondilar, akwatin batir da ke riƙe wa injin wuta in an ɗauke, cikin jika 300 ɗin nan tun farko, kar kace sai daga baya. Kuma ka lura da lissafinsa, VA ba wat bane, ƙaramin nan mai 650VA abin da yake iya ɗauka bai kai wat 400 ba, injinka da ekaran in gem ya ɗau zafi zasu kusa cinye shi, gara mai 1000VA ko 1200VA wanda ke daidaita wuta da kansa. Ba dan ka ci gaba da buga wasa in an ɗauke ba, mintuna kaɗan zai baka ka ajiye ka kashe injin cikin mutunci. In a gida gurup kuke tayarwa ko pano ne da konbatisar, nan ma kar ka jona kai tsaye.

Akwati kuwa ka nemi mai raga a gaba inda iska zata shiga, fanka biyu na jawowa ɗaya a baya na fitarwa, gilashi a gefe ba laifi amma gilashi a gaba toshe hanci ne. Kar ka ajiye shi a ƙasa kan tabarma ko siminti, ɗora shi kan tebur nesa da taga, in ka gama ka rufe shi da zane, in zaka kunna ka yaye. Lokacin ƙura duk wata ka buɗe ka hure shi da abin hura iska, ka riƙe fankokin da yatsa kar su yi ta juyawa da ƙarfin iskar. Fankar da ke zuwa cikin kwalin Ryzen 5600 tana aiki, amma in zafin bazara ya sa kaji tana kuka sosai ka ƙara ɗan kuɗi ka sa mai hasumiya.

Wajen saye, ka fara zagaya masu kayan kwamfuta na nan gari da Kasuwar Dole kaji farashi, akwati da ondilar dai a nan ya kamata ka saya saboda nauyi. Kati da furosesa an fi samun zaɓi a Yamai ko Kano wajen Beirut Road, kuma Kano ta fi mana kusa nesa ba kusa ba, sai dai ka haɗa da canjin naira na ranar da kuɗin mota da na duwan, kuma ka tuna in abu ya lalace komawa da shi wata tafiyar ce. Ka tambayi mutum uku a rana ɗaya kafin ka cire ko dala, ka sa a rubuta maka garanti a takarda ko na sati biyu ne. In ka sayo katin ka riƙo shi a jakarka kan cinya, kar yaran mota su ɗaure shi a sama tare da buhuna.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni daga Birni nake, ƙanena ne ya dame ni, muna da tsohuwar Dell OptiPlex siririya da aka bamu, yace in saya masa kart girafik ya sa ya riƙa buga ƙwallo. Zai yiwu ko asarar kuɗi ce?

AMSA: Lafiya lau 'yar uwa, Allah ya bar zumunci. Zai yiwu amma ba kowane kati ba. Siraran nan wutar cikinsu kaɗan ce, yawanci wat 180 zuwa 240, kuma wayoyinsu na kamfanin ne ba'a canza alimantasiyon da sauƙi, ga akwatin ba faɗi. Sai kati gajere wanda baya neman ƙarin waya, kamar GTX 1650 siririya mai jan wat 75 ko RX 6400 da bata kai haka ba, a tsohon inji na fi son ta farkon. Kafin ki biya ki sa ya duba lambar furosesan, in i5 ne zubi na 6 zuwa sama ku cika RAM ta kai 16GB ku sa SSD, eFootball zai tafi. Ku ɗauki injin ku je da shi shagon a sa katin a rufe murfin a gabanku, dan wani katin yana shiga amma murfi ya ƙi rufuwa.