Motsa tsokokin numfashi: amsoshin likita

Likita, mahaifina yana da cutar toshewar hanyoyin iska, wadda ake kira COPD. Ko wanka ya yi sai haki. An ce akwai atisayen numfashi, da gaske yana aiki?

Allah Ya ba Baba lafiya. Huhu ba ya jan iska da kansa, tsokoki ne ke buɗe shi, babbarsu ita ce faffaɗar tsokar da ta raba ƙirji da ciki, sai na tsakanin haƙarƙari. A wannan cuta iska takan maƙale a huhu ta danne tsokar nan, sai ta yi ta wahala ba ta jawo abin kirki. Ana ƙarfafa ta da wata 'yar na'ura da ake sa wa a baki, a toshe hanci, a ja numfashi da ƙarfi tana turjewa. Yawanci ja 30 ake yi, sau 2 a rana. Likitan fisiyo, wato mai jinya ta hanyar motsa jiki, zai fara auna iyakar ƙarfin jan Baba, ya saita na'urar a kan kusan kashi 30 cikin 100, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Akan ga sauƙin haki bayan mako 6 zuwa 8, kuma in an daina ƙarfin yakan koma. Kafin ku samu na'urar, ya riƙa shaƙa ta hanci yana ƙirga 2, ya fitar ta tsukakken baki yana ƙirga 4.

Ina da asma. In na fara, zan iya ajiye maganin shaƙa?

A'a, 'yar'uwa, don Allah kada ki ajiye. Wannan ne ya fi damuna. Atisayen nan, tsoka yake ƙarfafawa, kumburin hanyoyin iska kuwa sai magani. Ranar da ƙirji ya sarƙe ma kada ki taɓa na'urar.

Zuciyata ta yi rauni, an kuma taɓa ce min dodon kunnena ya fashe. Ya halatta in yi?

Masu raunin zuciya suna amfana, har ana koya wa waɗanda za a yi wa tiyatar zuciya don rage ciwon huhu bayan aiki. Amma kai Malam, dakata tukuna. Matsin iskar yana kaiwa kunne, don haka sai an duba an tabbatar ya warke. Haka wanda huhunsa ya taɓa sacewa. In likitan zuciyarka ya amince ka fara, kuma ka ji jiri ko ciwon ƙirji, ka tsaya nan take ka koma wurinsa.