Ƙanina, ka zauna a Gia Lam, kada ka kama ɗaki cikin Hanoi

Na ga saƙonka. Ka ce jami'ar aikin gona ta Biyetnam ta ba ka gurbin digiri na biyu, amma da ka duba taswira sai ka ga tana tsallaken kogi, a bayan gari, har kana tunanin kama ɗaki a tsakiyar Hanoi ka riƙa zuwa kullum. Ban ba ka wannan shawarar ba. Shekarata uku a nan, kuma da na so ka san wurin kafin ka raina shi.

Ana rubuta shi Gia Lam, amma mutanen arewacin ƙasar "Za Lam" suke cewa. Yana gabas da Jan Kogi, wato kogin da ya ratsa Hanoi. A da gunduma ce guda, sai a watan Yulin 2025 gwamnati ta soke matakin gundumomi a ƙasar baki ɗaya, aka raba shi ƙananan yankuna, amma a bakin jama'a sunan yana nan. Jami'ar, wadda aka kafa a 1956, tana Trau Quy, kuma garin da ɗalibai yake rayuwa: ɗakunan haya, shagunan buga takardu, masu sayar da iri da dashen itatuwa a bakin hanya. Daga ɗakina zuwa gonar gwaji minti goma ne a keke. Wanda zai duba shinkafarsa da sassafe ba ya kwana a tsallaken gada, ga cunkoson babura a gadar Chuong Duong safe da yamma.

Abin da ya fi kama ni shi ne kowane ƙauye da sana'arsa, kamar yadda unguwannin cikin birnin Kano suke a da. Bat Trang na tukwane da tangaran ne, ɗaruruwan shekaru suna wannan aiki, kusan kowane gida akwai wurin gashi ko shago. Kieu Ky suna bugun zinariya har ta zama kamar fatar albasa. Ninh Hiep kuwa kasuwar yadi ce, ranar da na fara shiga sai da na tuna Kantin Kwari, har da yadda ake jibge bandir a kan babur. Ga kuma Ocean Park da ka gani a bidiyo, dogayen benaye da tafkin da aka haƙa aka zuba masa farin yashi. Yana da kyau, amma ba na aljihun ɗalibi ba ne, kuma da ka fito ƙofarsa gonakin kayan lambu za ka tarar.

Mutanen nan za su kalle ka, yara za su bi ka, tsofaffi za su tambaye ka shekarunka tun kafin sunanka. Da farko abin ya dame ni, sai na gane dole ce ta sa: ba sa iya kiran mutum sai sun san ko yaya ne ko ƙane. Wanda ya ɗan girme ka "anh" ne, mace "chi", sa'ar gwaggonka "co". In ka riƙe wannan, ka gaishe da mai gidan haya yadda ya kamata, za ka ga sauyi. Tawa, tsohuwa ce, ita ta kai takarduna ofishin 'yan sanda aka yi mini rajistar zama, wanda doka ce ga kowane baƙo. Ka tabbatar naka ya yi.

Wahalar ita ce addini da abinci. Masallaci ɗaya ne a Hanoi, Al-Noor, a titin Hang Luoc cikin tsohon gari. Juma'a ranar aiki ce, don haka ka yi magana da malamin da zai duba aikinka tun makon farko. Ba za ka ji kiran salla a nan ba, kuma wannan shirun ya fi komai yi mini nauyi, musamman da azumi. Naman alade da mansa suna cikin yawancin girki, har romon da kake zaton na kaza ne. Ni da kaina nake girki: in sayi kaza mai rai a kasuwar asuba in yanka, ko kifi, ko in je gidan abincin da aka rubuta "chay", wato na marasa cin nama.

Yanayi ma ka shirya masa. Sanyin Janairu na nan da danshi yake zuwa, ba irin hunturunmu ba, ga hayaƙi da ƙura a iska. Wajen Fabrairu da Maris bango da daɓe har gumi suke yi, wanki ya kwana uku bai bushe ba. Bayan guguwar Yagi a Satumban 2024 kogi ya cika har ruwa ya shiga gidajen Bat Trang, saboda haka kada ka kama ɗaki a wajen ganuwar tare ruwa komai arharsa. Lokacin Tet, sabuwar shekararsu, ɗalibai duk suna tafiya gida, shaguna a rufe, ka tanadi abincin mako guda.

Ka taho da kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da rigar sanyi mai kauri. Turo mini ranar da jirginka zai sauka Noi Bai in zo in ɗauke ka. Ka gaida su Inna.